Darasi na Shida: Jan Layi da Iyakar Juyin Inji a Motar da Aka Canza wa Kaya

Duk wanda ya saba shiga Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota, ya san cewa da wuya a samu tasi ko torotoro da ta daɗe tana aiki a Kumasi, kuma har yanzu tana tare da kayan da kamfani ya ƙera ta da su. Wata an sauke injinta an ɗora wanda aka shigo da shi ta tashar Tema, wata an goge mata karanshaf, wato sandar da ke juyawa a cikin inji, an faɗaɗa silinda, wata kuma giyabos ɗin da ke ƙarƙashinta na wata mota ne daban. Ba laifi ba ne, domin da irin wannan gyara ne motocinmu suke ciyar da iyalai. Sai dai duk sanda aka canza wa mota kaya, wajibi ne direba da mai mota su sake tambayar iyakar gudun da injin zai iya ɗauka.

Mu fara da agogon da ke gaban direba, wanda ke ɗauke da haruffan RPM. Wannan agogo ba saurin mota yake aunawa ba, yana ƙirga yawan juyin da karanshaf ke yi ne a cikin minti ɗaya. A yawancin motoci kowace lamba ana ninka ta sau 1,000, saboda haka idan allura ta tsaya a kan 3, injin yana juyi 3,000 a minti. Daga can ƙarshen agogon akwai wurin da aka shafa wa jan launi, shi ne jan layi. A yawancin ƙananan motocin fetur yana farawa tsakanin 6,000 da 6,500, a ƙananan motocin dizal kuwa wajen 4,000 zuwa 4,500, manyan motocin dakon kaya ma ba su cika wuce 2,500 ba.

A juyi 6,000, karanshaf yana zagayawa sau 100 a daƙiƙa ɗaya, kowane fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, yana tsayawa cak ya juya baya sau 200, kowane bawul kuma, wato murfin da ke shigar da iska ko fitar da hayaƙi, yana buɗewa ya rufe sau 50. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe sosai shi ne, ƙarfin da ke fizgar fistin da kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar juyi, yana bin adadin juyin ne idan an ninka shi da kansa. Shida sau shida 36 ne, bakwai sau bakwai kuma 49, wato idan an ɗaga juyi daga 6,000 zuwa 7,000, nauyin da ke kan ƙusoshin kwanrod ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin uku, alhali a ido allurar taki ɗaya kawai ta yi. Ƙusar da ta gaji takan miƙe sannan ta tsinke, kuma daga nan kwanrod ya fasa gefen inji ya leƙo waje. Haka nan sifirin ɗin bawul, idan juyi ya fi ƙarfinsa, ba ya iya mayar da bawul mazauninsa kafin fistin ya iso, sai su yi karo, bawul ya lanƙwashe.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, kuma a ganina shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗi. Ana zaton idan an ƙara wa inji ƙarfi, to an ƙara masa iyakar juyi. Ba haka ba ne. Turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ko babbar hanyar iska, ko taɓa kwamfutar mota, duk suna iya ƙara ƙarfin ja, amma ba su ƙara wa ƙusa ko sifirin ƙwari ko kaɗan. Wasu gyare-gyaren ma rage iyakar suke yi: idan an kankare kan silinda, tazarar da ke tsakanin fistin da bawul ta ragu, idan kuma an sake amfani da tsofaffin ƙusoshin kwanrod, sun riga sun ci rabin rayuwarsu. Iyakar injin da aka gyara tana wurin abin da ya fi rauni a cikinsa. Muddin ba a sa sifirin da ƙusoshi da fistin da aka ƙera domin babban juyi ba, aka kuma daidaita nauyinsu a wurin gwani, to kada a wuce jan layin kamfani, gara ma a tsaya ƙasa da shi. Sabon gyara kuwa, a kilomita 1,000 na farko a lallaɓa shi, kada a matsa masa totur, kuma kada a kwarara masa wuta da sassafe kafin baƙin mai ya yi ɗumi.

Wanda aka ɗora masa wani inji daban ya kula da cewa jan layin da ke kan agogonsa na tsohon injin ne. Idan an cire na fetur an sa na dizal, agogon zai nuna akwai sauran fili, alhali injin ya kai maƙura. Lokacin karɓar mota a tambayi fita, wato makaniki, kai tsaye: “Masta, wannan injin a juyi nawa kamfaninsa ya tsayar da shi, kuma agogon nan yana karanta shi daidai?” Idan an samu amsa, a manna ɗan jan tef a kan gilashin agogon daidai wannan lamba. Masu dizal kuma kada su yarda a kwance ƙusar da ke tsayar da gudu a jikin famfon mai don mota ta ƙara sauri.

Motocin zamani suna da na'urar da ke yanke mai ko wuta idan juyi ya kai iyaka, amma tana kare inji daga ƙafar direba ne kawai, ba ta kare shi daga hannunsa. A ce mota tana tafe a giya ta biyar a kan juyi 3,000, direba ya nufi ta huɗu amma hannunsa ya faɗa ta biyu. A irin giyabos ɗin ƙananan motoci, da zarar ya saki kuloci tayoyi za su tilasta wa injin juyi fiye da 7,000, kuma babu kwamfutar da za ta hana, domin ba mai ne ke juya shi ba. Wannan ya fi faruwa a gangara irin ta dutsen Mampong, inda direba ke neman giya ta taimaki birki. Ƙa'idar ita ce a sa ƙaramar giya tun daga saman gangara, kafin mota ta ɗauki gudu, idan kuma aka ji inji ya yi ƙara mai tsanani bayan canji, a take kuloci nan take.

Shi ma giyabos yana da tasa iyakar. Fulayiwil, wato faifan ƙarfe da ke tsakanin inji da giyabos, idan an kankare shi don ya rage nauyi yana iya tarwatsewa a babban juyi, kuma mazauninsa dab da ƙafafun direba yake. Giya atomatik kuwa zafi ne ajalinta, man da ya yi baƙi yana warin ƙuna alama ce ta an wahalar da ita. Farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, idan an yanke ta an yi mata walda ba tare da daidaitawa ba takan fara jijjiga idan gudu ya yi yawa, kuma wannan jijjiga umarni ne na a rage gudu a nufi gareji.

Aikin gida: idan allura tana kan 4, juyi nawa inji ke yi a minti? Lissafa huɗu sau huɗu da biyar sau biyar, ka faɗi yadda nauyi ke ƙaruwa idan direban dizal ya tashi daga 4,000 zuwa 5,000. Sannan ka duba agogon wata mota a unguwarku, ko a Aboabo ko Asawase, ka rubuta lambar da jan layinta ya fara, ka zo da ita aji a zama na gaba.