Kurakuran da ke rusa haɗin gwiwar bincike tsakanin nahiyoyi, da yadda ake gyara su

Yawancin rigimar da ke raba masu bincike na ƙasashe daban-daban tana tasowa ne daga abin da aka bari ba a rubuta ba tun farko: wa ya kawo tambayar, wa ke riƙe da kuɗi, ina samfura (jini ko wani abin da aka ɗebo don gwaji) za su kwana, sunan wa zai hau maƙala. Tun ran gini tun ran zane. Duk abin da ke ƙasa a sasanta shi kafin kuɗin tallafi ya sauka.

Kuskure na farko shi ne gayyatar abokin aiki bayan an gama rubuta takardar neman tallafi. Saura kwana biyar a rufe karɓa, sai a aiko masa da saƙo ana neman tarihin aikinsa da wasiƙar goyon baya. Wanda ya shigo haka ɗan rakiya ne, kuma aikin ne zai ɗanɗana kuɗarsa, domin shi ya san watan da hanya ke yankewa, da asibitin da ba ya ajiye tarihin marasa lafiya, da tambayar da mutanen wurin ba za su amsa wa baƙo ba. A fara zama wata uku zuwa shida kafin ranar rufewa. Kowane ɓangare ya rubuto tambayoyinsa a shafi guda, kuma kowanne ya jagoranci aƙalla sashe ɗaya na aikin, da kasafinsa.

Kasafin kuɗi kuwa nan ne zalunci ya fi ɓuya. Akwai kuɗin gudanarwa da cibiya ke karɓa don wuta da ruwa da akanta da gyaran gini. Hukumar NIH ta Amurka, mai ba da tallafin binciken lafiya, ta daɗe tana ba cibiyoyin waje kashi 8 cikin ɗari kacal, alhali manyan jami'o'in Amurka sukan samu sama da kashi 50. Shirin tallafin bincike na Tarayyar Turai, Horizon Europe, yana ba kowa kashi 25 bai ɗaya. Idan kason ya yi kaɗan, ƙaramar cibiya ce ke ciyar da aikin daga aljihunta ba tare da an lura ba. Maganinsa shi ne a fito da man janareta, da intanet, da albashin mai kula da bayanai, da gyaran firiza, a sa su cikin kuɗin aiki kai tsaye, gwargwadon abin da mai ba da tallafi ya yarda.

Sai tsarin "ku kashe, mu biya ku daga baya". Jami'ar da ke da ajiya ba za ta ji ba. Wadda ba ta da ita, ma'aikatan fili za su yi wata uku ba albashi, ƙwararrun cikinsu su kama gabansu. A nemi kuɗin wata uku a gaba, a riƙa cikewa bayan kowane rahoto. A kuma rubuta da wane kuɗi za a biya, da canjin wace rana za a yi lissafi, da wanda zai ɗauki asara idan darajar kuɗi ta motsa. Na'ura ma kada a saye ta tsirara. A haɗa da kwangilar gyara ta tsawon aikin, da horar da mutum biyu, a duba ko an ƙera ta don wutar lantarki mai ƙarfin volt 110 ne ko 230. Akwai na'urori masu tsada da ke lulluɓe da leda a ɗakunan gwaje-gwaje don wani ɗan ƙarfe da ba a samu ba.

Fitar da samfura bisa yarda ta baki babban ganganci ne. A 2007 Indonesiya ta daina ba Hukumar Lafiya ta Duniya samfuran ƙwayar murar tsuntsaye ta H5N1, bisa hujjar cewa ana haɗa allurar rigakafi da su, sannan a sayar a farashin da ya fi ƙarfinta. Sai a 2011 aka cimma tsarin raba amfani. Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014, ta wajabta neman izinin ƙasa da cimma matsaya kan raba amfani kafin a ɗebi tsirrai ko dabbobi ko ƙananan halittu. Ba ta shafi samfuran jikin ɗan Adam ba, waɗannan dokar kowace ƙasa da kwamitin ɗa'a, mai ba da izinin bincike a kan mutane, ke kula da su. Ko wanne ne, a sa hannu kan yarjejeniyar miƙa samfura: guda nawa, don wane gwaji, wa aka hana a ba, tsawon wane lokaci, kuma ragowar za a dawo da ita ne ko a lalata. A raba kowane samfuri biyu, rabi ya zauna inda aka ɗebe shi.

Jigilar kanta tana cin samfura da yawa. Jini da makamantansa ana tura su ƙarƙashin lambar UN3373, cikin mazubi uku: kwalbar da ba ta yoyo, wani mazubin mai abin tsotse ruwa, sannan akwati mai ƙarfi. Busasshiyar ƙanƙara (dry ice), wadda ake zubawa a akwatin don samfura su zauna a daskare, sanyinta digiri 78.5 ne ƙasa da sifili, kuma tana ƙarewa da kusan kilo biyu zuwa biyar a rana, gwargwadon akwatin. Mutane kan zuba ta kwana uku don tafiyar kwana uku, kaya su maƙale a kwastam ranar Juma'a, Litinin a buɗe a tarar ƙanƙarar ta ƙare, samfura sun narke. A zuba ninki biyu, a tura farkon mako, a duba ranakun hutu na ƙasashen biyu, a jefa ma'aunin zafi mai ajiye bayani a ciki. Kada a toshe akwatin gam, iskar da ƙanƙarar ke fitarwa tana iya fasa shi.

Izinin kwamitin ɗa'a na ƙasar mai kuɗi bai wadatar ba, sai da na ƙasar da za a yi aikin. Ƙa'idar TRUST ta 2018, wadda Hukumar Tarayyar Turai ta ɗauka, ta hana kai wa wata ƙasa gwajin da ba za a yarda da shi a gida ba. Takardar amincewa da mahalarta bincike ke sa wa hannu kuma ta faɗi ainihin abin da za a yi. 'Yan ƙabilar Havasupai a Arizona sun ba da jini don binciken ciwon sukari, aka yi amfani da shi a binciken taɓin hankali da asalin ƙabilar, magana ta kai kotu, aka sasanta a 2010 kan dala 700,000 da mayar musu da jininsu. Idan an fassara takardar amincewar, wani daban ya mayar da ita harshen farko, a gwada su.

Bayanai sukan ƙi haɗuwa a ƙarshe saboda ƙananan abubuwa. Wannan cibiya tana auna sukarin jini da mg/dL, waccan da mmol/L, tsakaninsu ninki 18. Wani ya rubuta 03/04 yana nufin 3 ga Afrilu, wani ya karanta 4 ga Maris. Kafin a fara, a yi ƙamus ɗin bayanai guda ɗaya, mai faɗin yadda za a auna kowane abu da yadda za a rubuta shi, a raba samfura 20 zuwa 30 tsakanin ɗakunan gwajin, a ga ko sakamako ya zo ɗaya. A kuma ba waɗanda suka tattara bayanan wa'adi rubutacce, misali shekara guda, su fara nazari kafin a buɗe wa duniya. In ba haka ba, mai manyan kwamfutoci zai riga su bugawa.

Rabon suna a maƙala shi ne inda ake yin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sharuɗɗan da kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya gindaya kafin sunan mutum ya hau maƙala guda huɗu ne, ɗaya daga ciki shi ne shiga rubutu ko gyara shi. Wanda ba a aika wa daftari ba, ta yaya zai cika wannan? Kwamitin da kansa ya ce duk wanda ya taka rawa a tsara aiki ko tattara bayanai a ba shi damar shiga rubutun. Tun watan farko a jera maƙalun da ake sa ran fitarwa, a rubuta jagoran kowacce, a yi amfani da tsarin CRediT mai rabe-raben aiki 14, a ba kowa mako uku ya karanta daftari. Mujallun PLOS tun 2021, da na Nature tun 2022, suna tambayar marubuta rawar da masu binciken ƙasar da aka yi aikin suka taka.

Lokacin taron intanet a riƙa juya shi, kada kullum mutum ɗaya ne ke tashi ƙarfe biyun dare. Taron ido da ido a yi shi inda kowa zai samu biza.

Rufe aiki ma a tsara shi shekara guda kafin kuɗi su ƙare. A rubuta wanda zai mallaki na'urori, da wanda zai biya wutar firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, da inda kwafin bayanai zai zauna a ɓangarorin biyu, da kuɗin da zai kai ɗaliban digirin digirgir ƙarshen karatunsu, tunda tallafin shekara uku ba kasafai yake kai su ba.