Yadda ake zaɓen makilin da ya dace da haƙoranka

Shiga kantin kayan masarufi a kasuwar Marwa ko ta Garwa ka ce a ba ka makilin, tambaya ɗaya mai kanti zai yi maka: babba ko ƙarami? Daga nan sai ciniki. Ga su nan a jere, wani daga Duwala ya taso, wani ya ƙetaro daga Najeriya, wani rubutun Larabci ne a jikinsa, kowanne da hoton haƙora farare fat a kwali. Hoton nan ba ya gaya maka komai. Abin da kake biya kuɗinsa yana bayan kwalin, cikin ƙananan rubutun da ba wanda ya damu da su.

Mataki na farko: tambayi bakinka

Kafin ka fita daga gida, ka san ƙorafinka. Haƙori yana zugi in ka sha ruwan sanyi? Kana ganin jini in ka tofar? Goro da shayi sun rina maka haƙora? Ko lafiyarka ƙalau, kariya kawai kake nema? Galibin mutane a rukuni na ƙarshe suke, kuma su mataki na biyu ya wadatar da su.

Mataki na biyu: nemi fulorayid da lambarsa

Nan ne zancen yake. Kumfa, ƙamshin na'a-na'a da sanyin baki duk ado ne. Sinadarin da ke hana haƙori yin kogo shi ne fulorayid. Duk lokacin da ka sha shayi mai sukari, ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori suna cin sukarin su fitar da tsami, tsamin kuma yana zaizaye farin ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan. Fulorayid yana taimaka wa yawu ya mayar da abin da ya zaizaye, ya kuma sa ɓawon ya ƙara jure tsami. Ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka makilin mai fulorayid cikin jerin muhimman magunguna a 2021.

Juya kwalin. In da Faransanci aka rubuta, za ka ga *fluorure de sodium*, ko *monofluorophosphate de sodium*, ko *fluorure d'étain*. Kusa da sunan akwai lamba da haruffa uku, ppm, wato ma'aunin yawan fulorayid ɗin da ke cikin makilin. Babban mutum yana buƙatar daga 1000 zuwa 1500 ppm, kuma wanda aka fi samu shi ne 1450. Wasu kamfanoni kaso suke rubutawa maimakon haka: 0,32% na *fluorure de sodium* daidai yake da 1450 ppm, 0,76% na *monofluorophosphate* kuma 1000 ppm ne. In ka duba gaba da baya ba ka ga lamba ba, sai hoton ganye da alkawarin "na gargajiya zalla", mayar da shi kan kanta. Ba ni da faɗa da makilin mai kanumfari ko darbejiya, wasunsu ma suna da fulorayid yadda ya kamata. Lambar dai nake so a gani. Kuma in lamba ɗaya ce a jikin mai araha da mai tsada, kariyarsu daga kogo kusan ɗaya ce, ka riƙe canjinka.

Mutanen yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru suna da wata tambaya ta daban, wato ko fulorayid bai riga ya yi musu yawa ba, kuma suna da gaskiya. A kwarin Mayo Tsanaga, musamman wajen Meri, ruwan wasu rijiyoyi yana ɗauke da fulorayid fiye da miligiram 1,5 a kowace lita, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ruwan sha. Shi ya sa za ka ga yaro bai taɓa cin goro ba amma haƙoransa sun yi dabbare-dabbaren fari kamar alli, ko zane-zane ruwan ƙasa. Wannan tabo daga ruwan da aka sha ne lokacin da haƙoran dindindin ke haɗuwa a cikin dasashi, kafin yaro ya kai shekara takwas. A cikin ɓawon yake, babu makilin da zai goge shi komai tsadarsa. To, mutumin can ya guji makilin mai fulorayid ke nan? Babba dai a'a: haƙoransa sun riga sun gama haɗuwa, kuma makilin tofarwa ake yi ba haɗiyewa ba. Yara ƙanana ne ake sa wa ido, kuma gyaran na gaskiya yana wajen ruwan da suke sha.

Mataki na uku: daidaita shi da ƙorafinka

Mai zugin haƙori in ya sha sanyi, ko in iskar hunturu ta shiga baki da asuba a kan babur, ya nemi *nitrate de potassium*, galibi 5%, ko *fluorure d'étain*, ko *arginine*. Na farkon yana kwantar da jijiyar haƙori, sauran biyun suna toshe ƙananan hudojin da sanyi ke bi ya isa gare ta. Ba maganin sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu ana gogawa safe da dare kafin a ji bambanci, kuma in an daina zugin yana iya dawowa. Amma ka lura da irin ciwon. In haƙori ɗaya ne tak, yana hana ka barci, ko yana ci gaba da zugi bayan sanyin ya wuce, wannan ba aikin makilin ba ne. Mai yiwuwa kogo ne ko tsagewa.

Jini a dasashi kusan kullum daga datti ne da ya taru a gindin haƙora. Mutane da yawa in sun ga jini sai su daina taɓa wurin, dattin ya ƙaru, jinin ma ya ƙaru. Makilin mai *fluorure d'étain* ko mai *zinc* yana taimakawa, tare da buroshi mai laushi. Wanda aka rubuta wa *anti-tartre* yana rage taruwar sabon datti mai tauri ne kawai. Wanda ya riga ya daskare ya zama kamar dutse a bayan haƙoran ƙasa, sai likitan haƙori ya kankare shi da na'ura, aikin da a asibiti suke kira *détartrage*. Akwai kuma mai *chlorhexidine* a kantin magani. Yana da ƙarfi, amma na ɗan lokaci ne bisa umarnin likita, domin in an daɗe a kansa yana rina haƙora ya kuma dagula ɗanɗano.

Sai batun farin haƙori, inda kuɗin mutane suka fi tafiya. Dattijon da ya shekara talatin yana tauna goro, da saurayin majalisa mai shayi kofi uku a zama ɗaya, duk *blancheur* suke nema a kwali. Abin da ke cikin yawancin irin wannan makilin gari ne mai kankare datti, galibi silika. Yana iya rage tabon da ke saman haƙori, amma ba ya canza asalin launinsa, kuma haƙorin ɗan Adam dama ba fari fat ba ne, yana da ɗan ruwan ɗorawa. Wanda ya dage da gurza, musamman da baƙin makilin mai gawayi da ake yayi yanzu, ko da toka da gishiri, yana yi wa haƙoransa abin da yashi ke yi wa tukunyar dalma: tana ƙyalli, tana ƙara sirancewa. Ɓawon haƙori in ya tafi ba ya tsirowa, kuma abin da ke ƙarƙashinsa ya fi shi rawaya. Ga shi da yawa daga cikin masu gawayin ba su da fulorayid ko kaɗan. In kana da zugi kuma kana son fari, fara da maganin zugin.

Wanda ƙurajen cikin baki ke yawan fito masa ya gwada makilin da babu *sodium lauryl sulfate* a ciki. Shi ne mai kawo kumfa, kuma wasu bakinsu ba ya shiri da shi.

Warin baki kuwa, na'a-na'a rufe shi take yi na ɗan lokaci. A goge harshe, a duba dasashi.

Mataki na huɗu: na yara

Da zarar haƙorin farko ya fito a fara gogewa. Ƙasa da shekara uku, shafa kaɗan kamar ƙwayar shinkafa. Daga uku zuwa shida, kamar ƙwayar wake. Fulorayid ɗin kada ya gaza 1000 ppm, domin wasu makilin yara masu hoton 'yar tsana suna da ƙasa da haka, zaƙi kawai gare su. Uwa ko yaya ce za ta matsa makilin da hannunta, ta tsaya har yaro ya tofar, sannan ta ɗora robar inda hannunsa ba ya kai, don mai ɗanɗanon alawa yara shanye shi suke yi. Iyalan da ke shan ruwan rijiya a wuraren da tabon nan ya yawaita su fi kowa kiyaye wannan, su kuma tambayi ma'aikacin lafiya game da ruwansu. Masu cewa haƙoran nono ai faɗuwa za su yi, su tuna turamen baya na nono suna nan har yaro ya haura shekara goma.

Mataki na biyar: duba kayan kafin ka biya

Jabu yana yawo a kasuwannin kan iyaka. Duba ranar ƙarewar aiki, a kwali da kuma a gindin robar inda aka matse ta, su zo daidai. Duba sunan kamfani da adireshinsa, da ko bakin robar a like yake. In daga Najeriya ya fito, ya kamata ka ga lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasar. Rubutun da ya yi dishi-dishi ko sunan da aka sauya wa harafi ɗaya don ya yi kama da sananne, alama ce. Ba wasa ba ne: a 2007 an gano makilin mai guba, *diéthylène glycol*, a Panama, daga baya a wasu ƙasashe da dama, har aka yi ta janye shi daga kantuna.

Sannan rana. Makilin da ya wuni a kan tebur a zafin watan Afrilu na Kusiri, yau da gobe, ba ya zama yadda aka yi shi. Masu arahar da aka haɗa da alli, wato *carbonate de calcium*, fulorayid ɗinsu yana raguwa da daɗewa, zafi kuma yana hanzarta hakan. In ka matsa ka ga ruwa ya fara fitowa daban, ko ya bushe ya yi tauri, ya tashi aiki. Saya a kantin da kaya ke juyawa, a inuwa.

Mataki na shida: yi amfani da shi yadda zai yi aiki

Sau biyu a rana, minti biyu kowane karo, kuma na kafin barci ya fi muhimmanci saboda yawu yana raguwa da dare. In ka gama ka tofar, kada ka kuskure baki da ruwa nan take, don ruwan zai wanke fulorayid ɗin da ka saya. Wannan shi ne abin da ya fi yi wa mutane wuya, mun saba da kuskurewa sau uku. Bayan shan zoɓo, tsamiya ko lemo, a jira kamar rabin awa kafin a sa buroshi, domin tsami yana tausasa ɓawon haƙori na ɗan lokaci. A canza buroshi duk wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje.

Asuwaki yana nan a matsayinsa. Mai riƙe da shi lokacin alwala ya ci gaba, yana cire datti sosai in an iya shi. Makilin na safe da dare ƙari ne a kansa. Da azumi a goge bayan sahur da kuma kafin kwanciya.

In kunci ya kumbura, ko haƙori yana girgiɗi, ko jinin bai tsaya ba bayan mako biyu na gogewa da kyau, ko wani gyambo a baki ya wuce mako biyu bai warke ba, musamman ga mai sa taba a leɓe, a bar kanti a nufi sashen haƙori na asibiti.