Yadda Ake Tafiya Daga Yamai Zuwa Tawa Lafiya a Lokacin Damina

Duk wanda ya saba bin hanyar Yamai zuwa Tawa ya san cewa tafiyar rani daban take da ta damina. Hanya ce ta kusan kilomita 550, wadda ta bi ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, sannan ta karkata arewa a Tsarnawa, ta ratsa Badagishiri kafin ta shiga Tawa. Daga watan Yuni zuwa Satumba, musamman a malkar Agusta, wannan hanya takan sauya hali cikin sa'a guda. A daminar 2024 ruwa ya datse manyan hanyoyin fita daga Yamai, kuma a cikin watan Agusta na shekarar ta 2024 ne ruwan korama ya tafi da motocin 'yan kasuwa a jihar Tawa, gomman mutane suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙan su. Matakan da ke biye na direba ne da fasinja baki ɗaya.

Mataki na farko: nemi labarin hanya tun kafin ka ɗaure kaya

A daren da za ka wayi gari da tafiya, saurari hasashen yanayi da hukumar kula da yanayi ta ƙasa take fitarwa ta Muryar Sahel da Tele Sahel. Bayan haka ka kira wani naka da ke Doso ko Ƙonni ko Tawa, ka tambaye shi ko an yi ruwa, da ƙarfinsa, da lokacin da ya ɗauke. Idan ka je tasha, tambayi direbobin da suka iso daga gabas da safiyar nan, domin su ne suka ga inda kwalta ta zabtare da idonsu. Kada tambayarka ta tsaya ga garuruwan bakin hanya kaɗai. Ƙasar Adar, wato yankin Tawa, ƙasa ce ta duwatsu da tuddai, ba ta shan ruwa da sauri, saboda haka ruwan da ya sauka a can nesa yakan gangaro ya cika korama a wurin da ko ɗigo bai sauka ba.

Mataki na biyu: duba mota da guzuri

Tayar da ta suɗe ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta, don haka a fara da ita, sannan birki, fitilu da robar share gilashi. A rage lodi a saman mota, domin iska ta fi samun galaba a kan motar da aka yi wa tsiri da kaya. A riƙe ruwan sha da abincin da zai kai kwana ɗaya fiye da lissafin tafiyar, da fitilar hannu, da igiya mai ƙarfi, da waya cike da caji. Takardu da magani kuwa a ƙulle su cikin leda.

Mataki na uku: yi sammako

A tsara tafiyar yadda za a isa da sauran rana. Da dare ba a bambanta kwalta mai sheƙi da ruwan da ya kwanta a kanta, ba a kuma ganin gefen hanyar da ya rufta sai an zo kansa. Idan magariba ta riske ku a Ƙonni kuma hadari ya haɗu, ku kwana a can.

Mataki na huɗu: abin yi idan hadari ya taso

A ƙasarmu manyan hadura daga gabas suke tasowa su nufi yamma, wanda ke nufin mai tafiya daga Yamai zuwa Ƙonni yana fuskantar su ne kai tsaye. Kafin ruwa, sau da yawa iska ce take fara zuwa da jar ƙura mai kama da katanga, wadda takan mai da rana dare cikin 'yan mintoci. Da ka hango ta, rage gudu a hankali, kunna fitilu, ka nemi wuri mai tudu da tauri inda za ka sauka daga kwalta gaba ɗaya. Nisanci itatuwa, turakun lantarki da rumfunan kwano, domin su ne iska take fara tumɓukewa. Idan ka yi nesa da kwalta sosai, ja birkin hannu ka kashe fitilu, saboda direban da ke bayanka, wanda ba ya ganin komai, yakan bi hasken fitilar da ke gabansa yana zaton hanya ce. Idan kuwa ba ka sami sauka gaba ɗaya ba, bar fitilun gargaɗi suna ƙyaftawa. Wannan ƙa'ida ita ce kuma ta hazon hunturu mai kauri, tsakanin Disamba da Fabrairu.

Game da tsawa, cikin mota mai rufin ƙarfe, gilasai a rufe, ya fi gindin itace aminci nesa ba kusa ba. Mai babur da mai amalanke su nemi gini su shiga. Akwai lissafi mai sauƙi: ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowane daƙiƙa 3 daidai yake da nisan kilomita 1. Idan ƙirgenka bai kai 30 ba, kana cikin yankin da aradu za ta iya faɗawa.

Mataki na biyar: tsayawa a bakin korama

Nan ne ake rasa rayuka da yawa a lokaci ɗaya, kuma nan ne nake roƙon mai karatu ya fi natsuwa. Ruwa mai gudu wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 sun isa su ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuwa suna iya tafiya da manyan motoci masu tsayi. Dalili shi ne, da zarar ruwa ya kai ƙarƙashin mota sai ya rage mata nauyi, tayoyi su daina kama ƙasa, igiyar ruwan kuma ta riƙa tura ta daga gefe. Ƙarfin inji ba ya amfani ga tayar da ba ta taɓa ƙasa. Ga shi kuma ruwan korama ja ne, ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsa, alhali mai yiwuwa ya riga ya cinye ƙasar da ke riƙe da simintin mashigin.

Saboda haka idan kun iske ruwa yana gudu a kan hanya, tsaya nesa da baki, a kan tudu, domin yana iya ƙaruwa. Kafa sanda ko ka ajiye dutse a iyakar ruwan, ka duba bayan minti 15 ka ga ko yana hawa ko yana sauka. Tambayi mutanen ƙauyen da ke kusa, domin sun san halin koramarsu fiye da kowane baƙo. Idan jandarmomi sun rufe hanya, kada a nemi zagaye ta cikin daji. Galibin koramun nan sukan janye bayan wasu sa'o'i da ɗaukewar ruwa, jiran nan kuwa shi ne maganin. Wucewar wata babbar mota a gabanka ba hujja ba ce, tunda nauyinta da tsayinta ba irin na taka ba ne, kuma ruwan da ta ratsa ɗazu ba shi ne na yanzu ba.

Fasinjoji suna da babban alhaki a nan. Sau da yawa su ne suke ingiza direba, wannan yana cewa kasuwa za ta watse, wancan yana cewa ai jiya ma an wuce. Wanda ya fi shekaru a cikin motar ya yi magana da ladabi: "Malam direba, don Allah mu dakata, babu wanda zai zarge ka da jinkiri." Idan ya nace sai ya shiga, ka sauka da iyalinka, ko da za ka yi asarar kuɗin mota. Tawakkali na gaskiya yana tare da ɗaure raƙumi.

Mataki na shida: idan ruwa ya riga ya ci mota

Idan inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a sake tayar da shi, domin zai zuƙi ruwa ya lalace, lokaci kuma yana tafiya. A kwance bel, a buɗe tagogi nan take kafin lantarkin motar ya ɗauke, saboda ƙofa ba ta buɗuwa idan ruwa ya danne ta daga waje. A fara fitar da yara, a hau saman mota idan ruwan yana da ƙarfi, a bar kaya. Waɗanda suke kan tudu su jefa igiya bayan sun ɗaure ta a wani abu mai ƙarfi, kada su faɗa ruwan da kansu, sannan su kira 'yan kwana-kwana a lamba 18 ko 'yan sanda a lamba 17.

Mataki na bakwai: bayan an haye

Idan ruwa ya janye har ana ganin simintin mashigin, a bi tsakiyarsa da giya ta ɗaya, mota ɗaya bayan ɗaya, ba tare da tsayawa ba. Da an fita, a taka birki a hankali sau da dama domin ya bushe. Sannan a kira na baya, 'yan uwa da direbobin da ke shirin tasowa daga Yamai ko Tawa, a gaya musu sunan wurin, da iyakar inda ruwa ya kai, da ƙarfe nawa aka haye.