Mura da tari a lokacin sanyi: wa zai fita atisaye, wa zai huta?

Masu horar da 'yan ƙwallo, ku fara duba inda ciwon ya tsaya. In daga wuya ne zuwa sama, wato yoyon hanci, atishawa ko ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro, ɗan wasa zai iya sassarfa ta minti 20 zuwa 30, ban da gudun tsere. In kuwa tarin ya sauka ƙirji, ko akwai ciwon jiki, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, to hutu ya zama dole. Ƙwayar cutar na iya kumbura tsokar zuciya in aka matsa wa jiki. Zancen wai gumi zai fitar da ita kuwa, kada ku saurara. Sai ya yi awa 24 ba zazzaɓi, kuma ba don ya sha magani ba, sannan ya dawo sannu a hankali.

Don maƙogwaro, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi ya kurkure. Zuma cokali ɗaya kafin barci tana rage tari. Farasitamol kada baligi ya wuce giram 4 a rana, kuma a karanta kwali, domin yawancin magungunan mura akwai shi a ciki. Wasunsu ma suna da pseudoephedrine, maganin toshewar hanci, wanda WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta taƙaita amfani da shi a lokacin gasa. Antibayotik ba ya maganin mura.

Kowa da gorar ruwansa, jiƙaƙƙiyar riga kuma a cire ta da an tashi. Tarin da ya wuce mako 3, ko numfashi mai fito bayan gudu, a je wurin likita.