Jitar ajiya: inda masu saye ke yin tuntuɓe

Jita ta biyu aikinta ɗaya ne. Tsirkiya ta tsinke ana tsakiyar wasa, ko babbar jitarka tana wurin mai gyara, sai ka miƙa hannu ka ɗauko ta ka ci gaba, jama'a ba su ji wani bambanci ba. Wanda ya manta da haka yakan sayo kyakkyawar jita wadda ba za ta fisshe shi ranar buƙata ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gwada ta a shago ba a jona ba. Mutum ya kaɗa, amon akwatin ya yi masa daɗi, ya ƙirga kuɗi. Alhali a filin wasa abin da na'urar ɗaukar sauti ta tura wa lasifika shi mutane ke ji. A yawancin jitoci masu araha, na'urar nan wani siririn tsinke ne da ake kira fiyezo, kwance a ƙarƙashin farin ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa. In bai zauna daidai ba, wata tsirkiyar ta cika kunne, wata kuma ta yi laƙwas. Ka sa mai shago ya jona ta da amfilifaya, ka taɓa tsirkiyoyin shida ɗaya bayan ɗaya, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza wayar a bakin soket ko za ka ji ƙaras-ƙaras. In ya ce ba wuta, ka ce masa sai gobe.

Sai batun hannu. Yatsunka sun saba da wuyan jitarka ta kullum, in ka sauya zuwa mai kauri ko mai tsirkiya a sama, kafin waƙa ta ƙare sun fara ciwo. Ka je da 'yar rula. Faɗin wuya daga sama yakan kai milimita 43, tazarar tsirkiya mafi kauri da ƙarfe na 12 cikin ƙarafunan da ke gicciye a wuyan kuma kada ta wuce kamar milimita 2.5. Ka ɗaura mata irin kaurin tsirkiyar da ka saba da shi.

Akwai kuma ɗokin katakon asali. Gaskiya ne, fuskar jita, wato katakon gabanta, da aka yanka daga falle guda, irin ta Fender CD-60SCE ko Yamaha FGX800C, ta fi amo. Amma katakon jita ya fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma hunturun Kano ko Damagaram kan yi ƙasa da 20. Jitar ajiya kuwa ita ake yasarwa a bayan ƙofa ko a but ɗin mota. Nan fuskar ke tsagewa, ƙarafunan wuya su tsiro ta gefe suna yankar yatsa. A ganina, mai katakon da aka manna falle-falle, kamar Yamaha APX600, ta fi dacewa da wannan wahala, kuma siririn cikinta bai cika sa lasifika kuka ba. In ka riga ka sayi ta asalin, ka sa jiƙaƙƙen soso a gwangwanin sabulu mai huji, ka ajiye cikin jakarta.

Batirin da ke cikin jitar ma yakan ba mutane kunya. Muddin waya na cikin soket, batir na ci ko ba a kaɗawa. Wasu jitocin batir mai kusurwa huɗu na bolt 9 suke ɗauka, APX600 kuma ƙananan AA guda biyu, don haka ka duba kafin ka cika aljihu da wanda ba nata ba. In za ta daɗe a ajiye, ka cire shi kada ya yi ruwa ya cinye ƙarafunan.

Mai sayen ta hannu kuma, ya tura gefen takarda ƙarƙashin katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a kan fuska. In takardar ta shige, gam ya fara saki, sai a cire kuɗin gyara daga farashin tun kafin a ce an sallama.