Babi na Shida: Yadda Ake Kafa Majigi da Yadda Ake Kula da Shi

Ajin ilimin manya, ko a Mai Wurno yake kusa da Sinnar, ko a unguwannin Hausawa na Gadarif da Kasala da Wad Madani, idan ya samu majigi to ya samu babban mataimaki. Dattijon da idonsa ya fara rauni, wanda ba ya iya rarrabe ƙananan haruffan littafi da hasken fitila, zai ga harafi ɗaya ya kai tsawon hannu a jikin bango, kuma mutum talatin za su iya kallon darasi ɗaya a lokaci guda ba tare da sun yi cincirindo a kan wayar hannu ɗaya ba. Sai dai majigi kaya ne mai tsada, kuma galibi da karo-karon jama'a ake sayensa, ko kuwa wani ɗan'uwa da ke zaune a Jidda ko Makka ya aiko da shi kyauta. Abubuwa uku ne suke saurin kashe shi, wato zafi da ƙura da wutar lantarki marar tsayuwa, kuma dukansu ukun muna da su a ƙasar Sudan fiye da yadda masu ƙera na'urar suka yi tsammani.

Sanin sassan majigi

A gaban majigi akwai gilashi zagayayye wanda haske yake fitowa ta cikinsa, kuma a kusa da shi akwai zobba biyu da ake murzawa: ɗaya yana ƙara girman hoto ko ya rage shi, ɗayan kuma yana gyara shi har ya fito tangaran. A gefe akwai ramukan da iska take shiga, da wasu da iska mai zafi take fita, sa'annan a yawancin majigai akwai matatar ƙura a bayan wani ɗan murfi. A baya kuwa akwai mashigan wayoyi. A sama za ku ga maɓallin kunnawa da ƙananan fitilu na gargaɗi, waɗanda ko mutum bai iya karanta Turanci ba zai gane su da alamarsu, domin sau da yawa ta zafi tana da hoton ma'aunin zafi, ta ƙwan da ke ba majigin haske kuma tana da hoton ƙwan fitila.

Yawancin majigan da suke zuwa hannunmu masu ƙwan fitila ne da ke ɗauke da zaiba, wato ruwan nan mai ƙyalli da ake gani a cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na asibiti. Irin wannan ƙwan yakan yi aiki daga awa 2,000 zuwa 6,000, gwargwadon samfurinsa da yadda aka riƙe shi. Sababbin majigai masu hasken LED ko na leza sukan kai awa 20,000. Ana auna ƙarfin haske da abin da ake kira lumen, kuma ajin da ba a iya rufe shi ya yi duhu sosai yana bukatar majigi mai lumen 3,000 ko kusa da haka. Duk kwamitin da zai saya wa aji majigi, ya kamata ya fara tambayar ko ana samun ƙwan canji a kasuwar garinsu, domin majigi mai araha wanda ba a samun ƙwansa asarar kuɗin jama'a ne.

Zaɓen wuri

A ɗora majigi a kan tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa. Kada a ajiye shi a kan gado, ko katifa, ko darduma, ko tulin littattafai, saboda abu mai laushi yana toshe masa hanyar iska. A bar masa fili na aƙalla rabin mita tsakaninsa da bango ko labule ta kowane gefen da iska take shiga ko fita.

Ba dole ba ne a sayi allon majigi. Bango mai santsi da aka shafe da farin fenti ko farar ƙasa ya wadatar, haka ma farin ƙyalle da aka ja shi sosai ba tare da lanƙwasa ba. Abin lura shi ne kada hasken taga ko na ƙofa ya faɗa kan bangon kai tsaye. A yawancin majigan aji, idan ana son hoto mai faɗin mita biyu, sai a ja teburin baya kimanin mita uku daga bangon. Ƙasan hoton ya ɗaga sama da kawunan masu zama a sahun gaba, kuma sahun ƙarshe kada ya yi nisan da ya wuce tsayin hoton sau shida, in ba haka ba na baya ba za su iya karanta rubutu ba. Idan hoton ya fito da faɗi a sama da ƙunci a ƙasa, alama ce an ɗaga gaban majigin da yawa. Akwai maɓallin da yake gyara wannan karkata, amma ya fi kyau a ƙara wa teburin tsayi domin majigin ya fuskanci bangon sosai, saboda gyaran maɓalli yana rage kyawun rubutu.

Batun wutar lantarki

Wutar da ake rabawa a Sudan bolt 230 ce. Kafin a soka majigi a karo na farko, a duba takardar da ke manne a ƙasansa ko a bayansa. Idan an rubuta 100–240V da 50/60Hz, to zai yi aiki a nan ko da daga Saudiyya aka kawo shi. Abin da yakan bambanta shi ne fulogi, domin na Saudiyya yana da ƙafafu uku masu kusurwa, alhali soket da yawa a gidajenmu ramukansu zagayayyu ne. A nemi mahaɗi mai inganci wanda yake kamawa gam. Kada a karya ƙafar fulogi ta uku, kuma kada a feɗe waya a cusa tsirararta cikin soket a tokare da tsinken ashana, domin wannan ɗabi'ar tana jawo gobara kuma tana iya kashe mutum.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, wuta ta ƙara zama marar tabbas a garuruwa da yawa, kuma lokacin da take dawowa bayan ɗaukewa shi ne mafi haɗari ga na'urori, domin takan zo da ƙarfi fiye da ƙima. Saboda haka majigin aji yana bukatar sitabilaiza, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta, kuma idan hali ya yi, a haɗa masa akwatin batir na UPS wanda zai riƙe shi na 'yan mintuna har a kashe shi yadda ya dace. Majigi mai ƙwai yana cin wuta kimanin wat 250 zuwa 350, don haka masu amfani da wutar hasken rana su tabbatar inbatarsu, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, da batiransu za su iya ɗaukarsa tare da kwamfuta da lasifika. Masu janareto kuwa su tayar da shi, su jira muryarsa ta daidaita, sa'annan su soka majigin, kuma a duba mai tun kafin a fara darasi don kada ya mutu a tsakiya. Janareto a waje yake zama, nesa da taga da ƙofa, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari kuma ba ta da launi, wadda take iya kashe mutane a ɗakin da aka rufe tagoginsa don neman duhu.

Wayoyi su bi gefen bango, ko a rufe su da tabarma mai nauyi a inda mutane suke wucewa, saboda dattijo ko mai goyo na iya harɗewa a cikin duhu ya jawo majigin ƙasa.

Haɗawa da kunnawa

A haɗa wayoyi tun majigin yana kashe. Wayar HDMI tana ɗaukar hoto da murya tare daga kwamfuta zuwa majigi. Tsohuwar wayar VGA, mai shuɗin kai da allurai 15, hoto kaɗai take ɗauka, don haka sai an nemo wa murya tata wayar zuwa lasifika. A cire murfin gilashin gaba, a danna maɓallin kunnawa sau ɗaya, a jira kamar minti ɗaya hasken ya cika. Idan bango ya nuna shuɗi babu hoto, a danna maɓallin zaɓen mashiga har ya kai kan wayar da aka soka. Idan har yanzu bai fito ba, a kwamfuta mai Windows a danne maɓallin da ke da tambarin taga tare da harafin P, sai a zaɓi nuna abu ɗaya a fuskokin biyu. Wajen gyara hoto a yi amfani da shafi mai rubutu, a murza zoben a hankali, a tambayi wanda yake zaune a sahun ƙarshe ko yana iya karantawa, domin idonsa ne ma'auni.

Lokacin da yake aiki

Kada kowa ya leƙa cikin gilashin gaba yayin da majigi yake kunne, domin hasken yana iya cutar da ido. Yaran da suka biyo iyayensu mata aji su ne suka fi son yin haka, kuma tsayinsu daidai yake da bakin tebur, saboda haka a zaunar da su a bayan majigin. Malami ya tsaya a gefen hoto yana fuskantar ɗalibai ta inda hasken ba zai dokar masa ido ba. Idan ana son a ɗauke hoton na ɗan lokaci don yin bayani, a danna maɓallin rufe hoto da ke kan rimot. Kada a tare gilashin da littafi, ko hula, ko gefen mayafi, ko murfinsa na roba, domin zafin da ke wurin yana iya narkar da roba ya kuma ƙona takarda. Kofin shayi da butar ruwa ba su da wuri a kan teburin majigi.

Yawancin majigai an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin rana a tsakiyar Sudan yakan haura 40. A irin wannan lokacin, darasin majigi ya fi dacewa da sassafe ko bayan magariba. Idan fitilar zafi ta kama ja ko tana ƙiftawa, a kashe shi, a bar shi ya huce, a duba ko wani abu ya toshe ramukan iska. Idan kuwa aka ji ƙauri ko aka ga hayaƙi, a zare fulogi nan take ba tare da jira ba, kuma kada a sake kunna shi sai mai gyara ya duba.

Kashewa

A nan ne majigai da yawa suke lalacewa, kuma gaggawa ce take jawo hakan. Ƙwan majigi yana yin zafi ƙwarai, kuma fanka ce take fitar da zafin. Tukunyar da aka sauke daga murhu ba ta daina tafasa nan take, haka ƙwan ma yake bayan an kashe shi. Idan aka zare waya fankar ta tsaya, zafin zai taru a ciki ya rage wa ƙwan kwana, ya kuma gasa sassan da ke kusa da shi. Hanyar da ta dace ita ce a danna maɓallin kashewa, a sake danna shi idan majigin ya nemi tabbaci, sa'annan a saurara. Fankar za ta ci gaba da juyawa na minti ɗaya ko biyu. Sai ta yi shiru ake zare fulogi. Akwai sababbin samfura da suke hucewa da sauri, amma wanda bai karanta littafin majiginsa ba ya bi hanyar jira.

Sau da yawa darasi yana ƙarewa daidai da kiran sallar isha'i, jama'a suna miƙewa, sai a ji wani dattijo ya ce, "Malam, zare mana wayar nan mu rufe ɗaki, kada sahu ya wuce mu." Amsar da ta dace ita ce, "Baba, a yi haƙuri, ku yi gaba ku fara alwala, fankar tana tsayawa zan kulle in biyo ku." Mafi kyau ma a riƙa tsayar da darasi minti biyar kafin lokacin salla. Kada a sa majigi a jaka yana da ɗumi, kuma idan wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, a zare fulogi, a bar shi ya huce sosai kafin a sake kunnawa.

Ƙura da canjin ƙwai

Wanda ya taɓa buɗe matatar majigi bayan guguwar habub ya san abin da yake ciki: jar ƙura ta daskare a jikin ragar har ba a ganin ramukanta, fanka tana ta gurnani amma iska ba ta wucewa. Littattafan da suke zuwa da na'urar sukan ce a share matatar bayan 'yan watanni, amma a ƙasarmu ya kamata a duba ta kowane mako biyu, da kuma bayan kowace guguwa. A kashe majigin, a zare waya, a cire matatar, a kakkaɓe ta a waje ko a share ta da buroshi mai laushi. Gilashin gaba da ƙyallen goge tabarau ake share shi, ba da bakin riga ba. Kada a fesa masa turare ko maganin sauro ko wani abin feshi mai kama wuta. Bayan darasi a mayar da murfin gilashin, a sa majigin a jakarsa, a ajiye a kabad mai rufi.

Idan hoto ya dushe ko fitilar ƙwai ta kama, lokacin canji ya yi. A zare waya, a jira aƙalla awa ɗaya, a kwance murfin, a sa sabon ƙwai mai lamba iri ɗaya da tsohon, ba tare da an taɓa gilashinsa da yatsu ba. Idan ƙwai ya fashe ana cikin aji, a fitar da mutane, a buɗe tagogi da ƙofofi na kimanin rabin awa saboda tururin zaiba, kuma kada a kwashe ɓaraguzan da hannu tsirara. Tsohon ƙwai a nannaɗe shi a ajiye inda yara ba za su kai ba, kada a jefa shi a wuta ko a juji.

Aikin gwaji

Ajin ya zaɓi mutum biyu, namiji da mace idan ajin haɗe yake, waɗanda za su riƙa kula da majigin, kuma a ba su ƙaramin littafi da za su rubuta ranar da aka kunna shi, da awoyin da ya yi, da ranar da aka share matata. A zama na gaba kowane ɗalibi zai kafa majigin da hannunsa a gaban malami, ya haɗa waya, ya fito da shafi ɗaya na karatu a bango, ya gyara shi har na sahun baya su karanta da ƙarfi, sa'annan ya kashe shi ya faɗa wa ajin lokacin da ya ji fankar ta tsaya.