Yadda za ki adana kalmomin da yaranki suka ƙirƙira

Kowane gida mai yara yana da 'yan kalmominsa da baƙo ba zai gane ba. A namu gidan da ke Tudun Wadan Kaduna, idan mutum ya ce "za ni Kasuwar Barci", ba gwanjo zai sayo ba, kwanciya zai yi. Yarinyata ta biyu ce ta kawo mana wannan tana da shekara 3. Ta ji na ce zan kai wa tela ɗinki a Kasuwar Barci, sai ta ɗauka can ne mutanen gari ke zuwa su kwanta. Yau har maigidan da wannan yake sallamarmu da dare.

Irin waɗannan kalmomi ba sa daɗewa, 'yar'uwa, shi ya sa nake so ki fara tarawa tun yanzu. Yawancin yara suna furta kalmar farko ne wajen shekara 1, su fara haɗa kalma biyu wajen shekara 2. Daga nan zuwa shekara 4 ne kakar abin. Ranar da bakin yaro ya nuna, shi da kansa zai gyara, kuma ba zai sake faɗa ba ko kin roƙe shi.

Ki sayi ƙaramin littafin rubutu, ki ajiye shi inda hannunki zai kai, ba cikin akwati ba. Nawa a kicin yake, don a nan aka fi yi mini surutu. Da kin ji sabuwar kalma ki rubuta ta yadda ta fito daga bakinsa, kar ki gyara ko harafi ɗaya. Ki sa kwanan wata, da shekarunsa, da abin da yake nufi. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne dalilin da ya sa ya faɗa, alhali a nan daɗin yake. Autana yana kiran jirgin ƙasa "gidan gudu". Da kalmar kawai na rubuta, da an wuce wurin. Amma a gefenta na sa cewa ranar muka raka kawunsa tashar Rigasa, ya ga taragai masu tagogi jere suna tafiya Abuja, ya tsaya yana nunawa da yatsa.

Muryar ma ki ɗauka a waya, sai dai ki yi a ɓoye. Da yaro ya ga an saita masa waya, ko ya yi shiru ko ya fara wasan kwaikwayo. Ki tura wa babansa ta WhatsApp don kada ta tafi idan wayar ta lalace.

Ba kowace kalma ce ke zama ta gida ba. Canza harafi, kamar "luwa" maimakon ruwa ko "tunu" maimakon kunu, kusan kowane yaro yana yi, domin "r" da "ts" da "ƙ" suna cikin masu wuya a bakin ƙanana. Waɗanda ke kama gida su ne masu tunani a ciki, kamar "wuta ta tafi unguwa" idan an ɗauke lantarki. Su manya za su ɗauka ba tare da kowa ya ce a ɗauka ba. Haka sunaye. Da yawa daga cikin laƙabin da ake kiran kakanni da gwaggwanni da shi, wani jika ne ya kasa faɗin sunan daidai. A gidan da uwa ke alkunyar sunan ɗan fari kuwa, sunan da ƙaninsa ya raɗa masa yakan zame mata mafita.

Abu biyu nake roƙonki ki kiyaye. Ki yi dariyarki, amma kar ki kira maƙwabta ki ce "sake faɗa su ji". Yaro yana gane lokacin da ake dariya tare da shi da lokacin da ake yi masa, kuma wani daga nan yake kama bakinsa. Sannan idan kina magana da shi, ki mayar masa da kalmar daidai ba tare da faɗa ba. Ya ce "luwa", ki ce "ga ruwa, sha". Ku manya ku riƙe "luwa" a tsakaninku. Laƙabin da ke taɓa jikin wani ko halittarsa kuma, ko daga bakin yaro ya fito, kar a bari ya kwana a gidan.

Idan kuwa yaro ya kai shekara 2 bai fara haɗa kalma biyu ba, ko ba ya waiwayowa idan an kira shi daga baya, kar ki tsaya a kan "babansa ma haka ya yi". Ki kai a duba jinsa. A nan Kaduna muke da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, kuma ana iya gwada jin yaro tun yana jariri.